Musulmi Da Aikin Sa Kai A Bikin Kaka Na Unguwa

 

Wannan mako za mu dakatar da bayanin da muke ciki na ladubban ciniki, domin wata takarda ta iso mana daga Amurka wadda amsarta ba ta son jinkiri. Mai ita ma'aikacin gwamnati ne da aka tura ƙaro ilmi, ya tafi da mai ɗakinsa da 'ya'yansu biyu, ya kuwa roƙe mu kada mu ambaci sunansa. Ya ce mutanen unguwar da yake haya suna da ƙungiya, kowace shekara cikin watan Oktoba sukan shirya bikin kaka na yini guda a filin wasan yara. Akan kafa rumfuna, a jera kabewa, a yi wa yara tseren buhu da zanen fuska, a zaga da su cikin keken ciyawa da tarakta ke ja, a kuma tara abincin gwangwani domin matalauta. Ba a biyan kowa ladan aiki, takarda ake liƙawa kowane magidanci ya rubuta sunansa a gurbin da zai tsaya na sa'o'i biyu. Bana wata dattijuwa maƙwabciyarsa, wadda ita ce ta ɗauki ɗansa a motarta zuwa asibiti ranar da ruwan zafi ya ƙone shi alhali uban yana makaranta, ta kawo masa takardar har ƙofar gida. Ya bugo wa baffansa waya, wani attajiri mai tsoron Allah, baffan ya ce bikin kafirai ne, ko hanyar kada ya bi. Wani abokin karatunsa kuma ya yi masa dariya, ya ce wanda ya zo ƙasar Turawa ai ya bar irin waɗannan tambayoyi a filin jirgi. Ya rufe takardarsa da cewa bara ta taga yaransa suka kalli bikin, ƙaramar tana kuka.

To, ya ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya. Baffanka kishin addini ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, kada ka raina maganarsa. Amma da shi da abokinka duka sun yi gaggawa, domin kowannensu ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi wa masu ba da fatawa gargaɗi cewa idan mutum ya zo musu daga wata ƙasa, kada su ɗora masa al'adar garinsu, su fara tambayarsa al'adar tasa ƙasar tukuna. Saboda haka bari mu fara da sanin ko mene ne wannan biki.

A waɗancan ƙasashe shekara kashi huɗu ce, kakarsu kuwa tana kamawa wajen 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da ganyen itatuwa ke yin ja da rawaya yana zubewa, rana tana gajarta, sanyi yana ƙaratowa. Cikin wannan ɗan tsakani akwai bukukuwa da dama, waɗanda baƙo yakan ɗauka duk abu guda ne don ya ga kabewa a kowannensu, alhali kuwa asalinsu ya sha bamban. Akwai wanda suke kira Halowin, daren 31 ga Oktoba, watau jajiberen ranar da coci ta keɓe domin tunawa da waliyyanta, 1 ga Nuwamba. Masana tarihi da yawa suna danganta al'adunsa da wani tsohon bikin mutanen Ailan na kafin Kiristanci, inda suka yi imani cewa a wannan dare matattu da aljanu sukan kusanci masu rai. Mutanen Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan yunwar da ta faɗa musu daga 1845, su suka yaɗa al'adar fafe kayan gona a yi masa fuskar dodo a sa fitila ciki, da suka iske kabewa ta fi sauƙin fafewa sai suka koma gare ta. Akwai kuma ranar godiya ta ƙasa, wadda Shugaba Linkon ya yi shelarta a 1863, majalisar dokokinsu ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba a 1941. A Ingila kuwa abin da suke kira bikin girbi galibi ibada ce a cikin coci, ana kai amfanin gona a jera gaban bagade ana waƙoƙin addini, kuma wani limaminsu mai suna Hawker ne ya shahara da farfaɗo da shi a yankin Konwal a 1843. Sa'an nan ga irin wanda mai tambaya ya siffanta, na makarantu da ƙungiyoyin unguwa, wanda ba shi da tsayayyar rana, sai Asabar ɗin da ta yi wa mutane daidai.

Ka ga ashe suna ba ya isa a gina hukunci a kansa. Abin da ya kamata a yi shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Sabitu ɗan Dahhaku. Wani mutum ya yi bakancen zai soke raƙumi a wani wuri da ake kira Buwana, ya zo yana neman izini. Annabi bai hana shi nan take ba, bai kuma sake shi nan take ba. Ya tambaya ko an taɓa bauta wa wani gunki na Jahiliyya a wurin, aka ce a'a. Ya sake tambaya ko sukan yi wani idi nasu a wurin, aka ce a'a. Sa'an nan ya umarce shi ya cika bakancensa. Tambayoyi biyu ke nan, su ne kuwa muke so ka ɗauka ka je wurin shugabannin ƙungiyar unguwarku da su, cikin ladabi: wa ke shirya bikin, a ina ake yinsa, da me ake buɗe shi, kuma ina kuɗin da aka tara suke tafiya?

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, wannan hadisi shi ne kuma hujjar malaman da suka tsananta. Suna haɗa shi da hadisin Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi ya iske mutanen Madina da kwanaki biyu da suke wasa a cikinsu tun zamanin Jahiliyya, ya shaida musu Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su, watau Sallar Layya da Sallar Azumi. Shaihul Islami Ibnu Taimiyya ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim, haka nan Ibnul Hajji, Bamalike, wanda ya rasu a 737 bayan Hijira, ya yi kakkausan suka a cikin Madkhal ga Musulmin Masar da suke shiga bikin Nairuzu. Mun karanta maganganunsu, muna kuma tare da su a kan cewa Musulmi ba shi da idi na uku, kuma ba ya halatta ya yi hidima ga abin da yake alama ce ta wani addini. Inda muka tsaya mu duba shi ne, shin kowane taro da ke dawowa shekara shekara sunansa idi a shari'a? In haka ne, to, me za mu ce da kasuwannin Ukazu da Majanna da Zul Majazi? Waɗannan taruka ne na Larabawan Jahiliyya, masu lokaci sananne kowace shekara. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa da Musulunci ya zo sai Musulmi suka ji tsoron zunubi game da ciniki a waɗannan lokuta, sai aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka ta ɗauke musu wannan ƙunci. 'Yan kasuwa masu karanta wannan fili sun san wannan a aikace, domin suna halartar baje koli a ƙasashen da ba na Musulmi ba, babu kuwa malamin da ya ce sun yi idi. Ƙa'idar da malaman usulu suka kafa ita ce, ibada ba a yinta sai da dalili, al'ada kuwa ba a hana ta sai da dalili.

Saboda haka ga abin da muka rinjayar. Idan bincikenka ya nuna bikin na unguwa ne tsantsa, a filin jama'a ake yinsa, babu addu'ar wani addini da ake buɗe shi da ita, ba kuma shi ne Halowin aka sake wa suna ba, to, halal ne ka rubuta sunanka, kuma in ka kyautata niyya muna fatan za ka sami lada. Idan kuwa coci ce ta shirya shi a harabarta, kamar yadda majami'u da yawa a Amurka suke yi domin su jawo iyalai zuwa gare su, to, kada ka zama ma'aikaci a ciki, ko da wasannin iri ɗaya ne, domin manufar taron kira ne zuwa ga addininsu, mai ɗaukar musu kujeru kuwa ya taimaka wa kiran. Haka nan in aikin da aka ba ka na shigar fatalwa ne, ko ƙawata rumfa da ƙasusuwan matattu da siffofin mayu, ka ba da haƙuri. Mun san da yawansu yau ba su ɗauki abin komai ba sai wasa, amma mutuwa da kabari da aljanu a wurinmu gaskiya ne da muka yi imani da su, ba mu koya wa 'ya'yanmu mayar da su abin raha.

Abin da ya sa muka ce akwai lada, ba mu tsaya ga halacci kawai ba, shi ne haƙƙin maƙwabtaka. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, malaman tafsiri da dama kuwa sun ce na nesan ya haɗa da wanda ba addininku ɗaya ba. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta bayyana cewa ba a hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Abdullahi ɗan Amru, Allah Ya yarda da shi, an yanka akuya a gidansa, da ya shigo abin da ya yi ta maimaitawa shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kuma kafa hujja da wasiyyar da Jibrilu ya dinga yi wa Annabi game da maƙwabci har Annabi ya zaci za a sa shi cikin magada. Shi kansa Manzon Allah, tun yana saurayi, ya halarci ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana domin taimakon wanda aka zalunta, bayan Annabci kuma ya yabi wannan ƙawance, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Ƙarafin da muka ambata ya rarrabe tsakanin kyautatawa, wadda aka umarce mu da ita, da jiɓinta ta zuciya ga addinin wani, wadda aka hana mu. Tsohuwar da ta kai ɗanka asibiti tana binka bashin alheri, kuma mutanen wannan ƙasa suna auna mutum da irin wannan fitowa. Tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana na sa kai a Filadelfiya, har yau kuma fiye da rabin masu kashe gobara a Amurka ba albashi suke karɓa ba. Wanda ya zauna cikin irin waɗannan mutane yana cin amfanin gayyarsu, amma kullum aka kira shi sai ya rufe ƙofa, to, da sunan Musulunci za su riƙa tuna rowarsa.

Sai dai halaccin taro bai halatta kowane aiki da ke cikinsa ba, a nan ne kuwa muke so mai tambaya ya buɗe ido, domin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri ita ce kuma ta hana ta a kan saɓo. In akwai rumfar giya, kada ka tsaya a cikinta, kada ka ɗauko mata kaya daga mota, domin la'anar da ta zo a hadisi ba ta tsaya ga mashayi ba, ta haɗa da mai ɗauka da mai zubawa da mai sayarwa. Rumfar gashi ma galibi ba ta rasa tsiran alade, ka bar wa wani. Akwai kuma wani abu da yake shige wa mutanenmu duhu, watau sayar da tikiti a kan cewa za a zaro lamba ɗaya mai ita ya tafi da keke ko kwandon kaya. Wannan caca ce ko da kuɗin na gyaran filin yara ne, domin kowa ya ba da kuɗinsa ne bisa ko ya samu ko ya rasa, kyawun wurin da kuɗi za su tafi kuwa ba ya wanke hanyar da aka tara su. In kana son taimakawa ka ba da naka kyauta, ka ce ba ka bukatar tikitin. Alewar da za a raba wa yaranka kuma ka karanta abin da aka rubuta a jikin ledarta, domin irin mai laushin nan da yawa ana haɗa ta da jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Bayan waɗannan, aiki ya rage mai yawa: kafa rumfa, jera kujeru, tsaron ƙofa, tsallakar da yara titi, karɓar abincin matalauta, da share fili bayan an watse. Mu da za mu zaɓar maka, da sharar muka zaɓa, don ita ce kowa yake gudu, kuma ita ce ta fi nisa daga riya.

Ka duba jadawalin salla kafin ka zaɓi sa'o'inka, domin a Oktoba la'asar takan shigo da wuri a can. Ka gaya wa shugaban aikin tun farko cewa za ka ɗauki minti goma, ka shimfiɗa dardumarka a gefe ka yi sallarka ba tare da ɓuya ko neman a gani ba. Kuma in ka rubuta sunanka, to, ka sani alkawari ka ɗauka. Muna faɗin wannan da nauyin zuciya, domin mun san halinmu. Aikin da ba a biya sai mu ɗauka zuwa ganin dama ne, a ce ƙarfe tara mu iso sha ɗaya, ko kuwa kada mu zo sam, mu ce ai sa kai ne. Sa kai ne kafin ka amsa. Bayan ka amsa, wani ya dogara da kai, saɓa alkawari kuwa yana cikin alamomi uku na munafuki da Buhari da Muslim suka ruwaito. In an damƙa maka akwatin kuɗi, ka ƙirga a gaban shaida lokacin karɓa da lokacin mayarwa. In kuma an ce sai an binciki tarihinka kafin a bar ka da yaran mutane, kamar yadda makarantunsu da yawa suke yi, kada ka ɗauka wulakanci ne don kai baƙo ne, kowa ake yi wa.

Game da 'yarka da ta yi kuka a taga, ka tuna Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin yadda Annabi ya tsaya yana kāre ta tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba har sai da ita ta gaji. Yaron da kullum amsar da yake ji ita ce haram, ba tare da an nuna masa halal ɗin da zai maye gurbi ba, wata rana zai je inda aka hana shi ba da saninka ba, kuma ba zai san inda iyaka take ba. Gara ka riƙe hannunsa ku je tare, ya ga rumfar da ubansa ya tsaya da wadda ya ƙi tsayawa, ya tambaye ka dalili ka gaya masa.

Kada kuwa mu da muke gida mu ɗauka wannan magana ta mutanen ƙetare ce kaɗai. Mu ma muna da kalankuwa bayan an kai amfani gida, da kokawa da dambe da kiɗan 'yan mata, kuma awon da muka yi wa bikin Amurka shi za mu yi mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi yaƙi a rubuce-rubucensa da yanka ga itatuwa da duwatsu da cakuɗar maza da mata, irin wannan kuwa duk inda ya ɓulla a bikin kaka dole a bar shi. Amma gayyar da kakanninmu suke yi, a taru a nome gonar mara lafiya ko a yi wa gwauruwa jinka, ba mu san malamin da ya hana ta ba, mu ne muka yar da ita da muka koma birni muka ja katanga. Lambatun unguwa ya toshe shekara uku, attajiri da babban ma'aikaci suna tsallake shi da mota suna zagin hukuma. Da yawanku kuma kuna da gonaki a ƙauye. Aya ta 141 ta Suratul An'ami ta ɗaure haƙƙin amfanin gona da ranar girbinsa, ba a jiran shekara ta zagayo. Nisabi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, watau sa'i 300, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin kilo 650, buhu shida da rabi ke nan na mai kilo 100. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala ko da inji rabin haka. A mazhabarmu, kamar yadda yake a Risala, gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi. Mutum ya yi wa makaɗa kari a dandali alhali zakkar dawarsa tana cikin rumbu, wannan bai fahimci godiyar kaka ba.

Kabewa dai ba ta da zakka a wurin Malikiyya, don tana cikin kayan lambu. Amma tunda ita ce sarauniyar bikin da aka tambaye mu, bari mu faɗi wani abu a kanta. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani tela ya gayyaci Annabi cin abinci, Anas ya ga yana bin gefen akushi yana tsintar dubba'u, daga ranar kuwa Anas bai daina son sa ba. Masu fassara da yawa sukan ce kabewa, amma masana tsirrai sun tabbatar cewa kabewar da muka sani daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta ƙetaro ba sai bayan 1492, saboda haka ya fi kusa a ce ɗanyen duma ne, ɗan'uwanta. Ko ma wanne ne, abinci ne, ba mu kuwa jin daɗin yadda ake fafe ta a can a bar ta ta ruɓe a bakin ƙofa. In an tashi daga bikin za ka ga an bar su tuli. Ka nemi izini ka ɗebi ƙanana, don manyan da ake nomawa domin ado ruwa ne ya yi musu yawa, ba su da garɗi. Mai ɗakinka ta yi miyar taushe, ta ƙara mata ruwa kamar yadda Annabi ya umarci Abu Zarri game da romo, a zuba kwano guda a kai wa dattijuwar nan, a rage yaji.